Maganin Ƙwari na Gona da Mazauna Cikin Ruwa

Darasinmu na wannan wata a kan ruwa ne, da abin da ke faruwa ga masu rai na cikinsa sa'ad da maganin feshi ya gangara daga gona ya shiga. Mun shirya shi musamman domin mutanenmu na Kambarawa da sauran unguwannin birnin Katsina, gama da yawa a cikinmu suna da gona a bayan gari, waɗansu suna aikin lambu da rani, dukanmu kuwa muna shan ruwa, muna cin kifi. Amma maganar ta shafi mai karatu na Kano da Sakkwato da Maraɗi daidai da na Katsina.

Tun da fari bari mu faɗi cewa maganin ƙwari yana da amfani. Wanda ya taɓa shuka wake bai yi feshi ba, ya san abin da ya kan tarar da kaka. A 2016 tsutsar tumatir, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye lambuna a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, har tumatir ya gagari talaka. Cikin wannan shekara kuma aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Nijeriya. Ba wanda zai ce wa manomi ya naɗe hannu yana kallo. Amma akwai tambaya ɗaya wadda ba safai mu ke yin ta ba: in magani ya gama aikinsa a gona, ina ya ke tafiya?

RUWAN DA KE KEWAYE DA MU

Ko da ya ke ƙasarmu ba mai yawan koguna ba ce, duk da haka muna da ruwaye masu daraja. Akwai madatsar Ajiwa, wadda aka buɗe a 1975, daga nan ne a ke turo ruwan famfo zuwa birni. Akwai madatsar Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983. Akwai ta Jibiya a kan gulbin Gada, wanda ruwansa ya kan ƙetare iyaka ya bi ta ƙasar Maraɗi, kāna ya komo Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. A bakin birni kuma akwai rafin Ginzo, inda masu lambu na wajen Ƙofar Marusa su ke ban ruwa. Ga kuma kududdufai da tafkuna da fadamu ko'ina. Kusan ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, gonaki ne ke kewaye da shi.

Magani ya kan isa ruwa ta hanyoyi huɗu. Ta fari, ruwan sama ko ruwan ban ruwa ya wanke shi daga ganye da ƙasa, ya gangara da shi. Ta biyu, iska ta ɗebe shi tun ana cikin feshi. Ta uku, mutum ya wanke famfon feshi a bakin rafi, ko ya yar da kwalbar magani a can. Ta huɗu ita ce mafi muni, watau mutum ya zuba shi da gangan domin ya kama kifi.

MAI CI DA ABIN CI

Kafin mu gane ɓarnar, sai mu fara sanin yadda zaman cikin ruwa ya ke. Tafki kamar gari ne, ko wane mazauni da sana'arsa, kowa kuma yana ci daga wani.

A ƙasa duka akwai gansakuka da ƙananan tsire-tsire, su ne hatsin garin. Masu cinsu su ne waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, da tsutsar sauro, da talibambam, da katantanwa. A bisansu akwai mafarauta ƙanana: ƙwarin ruwa iri iri, da ƙaguwa, da ƙananan kifaye, da ɗan mazari. Mutane da yawa ba su sani ba, mazarin nan da mu ke gani yana shawagi a bakin tafki, a cikin ruwa ya ke yin ƙuruciyarsa, abincinsa kuwa tsutsar sauro ne da makamantanta. A bisa waɗannan akwai tarwaɗa da tsage da giwan ruwa. A bisa kifi kuma akwai zalɓe da guza da kada, da mu 'yan adam.

Sai mu riƙe ka'ida ɗaya, gama dukan darasin a kanta ya ke tsaye. Waɗanda a ke ci suna da yawa, suna kuwa hayayyafa da sauri. Masu ci ba su da yawa, suna kuwa daɗewa kafin su girma. Sauro ya kan tashi daga ƙwai ya zama mai fiffike cikin kamar kwana 10 in akwai zafi. Ɗan mazari ya kan yi makonni da yawa, wani iri har watanni, kafin ya fita daga ruwa. Babban kifi sai ya shekara kafin ya yi ƙwai. To, in dafi ya shiga tafki ya kashe su gaba ɗaya, wa zai riga komowa? Amsar a fili ta ke. Abin ci ne zai riga komowa, ya tarar ba mai cinsa.

Yanzu bari mu duba hanyoyi huɗu da dafi ke ɓata wannan zama.

1. DAFI MAI HAWA BISA

Akwai magunguna waɗanda ba su ruɓewa da wuri, kamar DDT da dildirin da gamalin. Ba su narkewa sosai a ruwa, amma suna maƙalewa a kitse. In ƙaramar halitta ta sha kaɗan, ya zauna a jikinta. Ƙaramin kifi ya ci irinta dubu, ya tara nasu duka. Babban kifi ya ci ƙananan ɗari, ya tara nasu. Haka dafin ke ta ƙaruwa, har wanda ke bisa duka shi ne ya kan kwashi kaso mafi girma.

An ga wannan a fili a wani tafki na jihar Kalifoniya ta Amurka, sunansa Clear Lake. A 1949 aka zuba masa wani magani ɗan'uwan DDT, sunansa DDD, domin a kashe waɗansu ƙananan ƙudaje masu damun mutane. Aka sāke a 1954 da 1957. Awon kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi 1 na magani cikin kashi miliyan 50 na ruwa ba. Sai waɗansu tsuntsaye masu nutso su kama kifi suka fara mutuwa. Da aka gwada kitsensu, aka tarar maganin ya kai kashi 1,600 cikin miliyan, watau ya riɓanya na cikin ruwa har sau 80,000. Wata masaniya Ba'amurkiya, Rachel Carson, ta ba da wannan labari cikin littafinta na 1962, shi ne kuwa ya buɗe wa mutane da yawa ido. A 1972 Amurka ta hana feshin DDT a gonaki.

Kada mu ce wannan labarin ƙasar Turawa ne kaɗai. Tun daga tsakiyar shekarun 1950 aka yi babban yaƙi da ƙudan tsando a Arewacin Nijeriya, domin a kuɓutar da shanu daga sammore. Aka yi ta fesa DDT da dildirin a kurmin bakin koguna, inda ƙudan ke zama. Cikin shekarun 1970 har da jirgi mai saukar ungulu aka yi aikin, aka ƙara da wani magani mai suna endosalfan. Aikin ya yi amfani, gama ƙasa mai faɗi ta buɗu ga makiyaya da manoma. Amma masana daga ƙasar Holan, waɗanda suka bi sawun feshin suna dubawa, sun rubuta cewa kifaye da kwaɗi da tsuntsaye masu cin ƙwari sun mutu da yawa a wuraren da aka fesa.

Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Istokhom a 2001, domin a kawar da magunguna masu daɗewa. A 2009 aka sa lindan, watau dafin da ke cikin gamalin, a jerin waɗanda aka hana, a 2011 kuma aka ƙara endosalfan. A nan gida hukumar NAFDAC ta hana magungunan gona iri 30 tun 2008, har da lindan. Duk wanda ya tallata mana irin waɗannan yau, haramtaccen kaya ya ke sayarwa.

2. KIFI YA MUTU DA YUNWA

Yawancin magungunan zamanin nan ba su daɗewa kamar na dā. Amma ba lalle sai dafi ya taɓa kifi kafin ya hallaka shi ba. In ya kashe abincinsa, ya isa.

A ƙasar Japan akwai wani tafki, sunansa Shinji, gonakin shinkafa suna kewaye da shi. A 1993 manoman wurin suka fara aiki da wani sabon irin maganin ƙwari, dangin nikotin na taba. Ba a ga kifi yana yawo matacce a bisa ruwa ba. Amma ƙananan halittun da kifi ke ci suka ragu da kashi 83 cikin 100. Wani ƙaramin kifi wanda masunta su kan kama kamar tan 240 a shekara, sai ya komo kamar tan 22. Masanan Japan sun buga wannan bincike a 2019, bayan sun duba lissafin kamun kifi na shekaru fiye da 20.

Magungunan wannan dangi ana sayar da su a kasuwanninmu, waɗansu na feshi, waɗansu na cuɗa iri kafin shuka. Suna narkewa a ruwa da sauƙi, saboda haka ruwan sama ya kan tafi da su. Darasin Shinji shi ne wannan: rashin ganin mataccen kifi ba shaida ba ce cewa ruwa yana lafiya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In masunci ya ce koma ba ta cika kamar dā, ya kamata a duba abin da ke gangarowa daga tudu, tare da sauran dalilai.

3. MAFARAUTA SUN ƘARE, ƁARNA TA YI YAWA

Wannan ita ce hanyar da ta fi shafar lafiyar 'ya'yanmu. Kowa ya san tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ga yadda ta ke yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. A can su ke riɓanya, su fito dubbai, su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. In babu katantanwa, babu tsargiya.

Katantanwa tana da maƙiya: ƙwarin ruwa manya, da jatan lande, da ƙaguwa, da waɗansu kifaye. Amma ita ba ƙwaro ba ce, maganin ƙwari bai cika kama ta ba. A 2018 masana a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi cikin manyan tankunan ruwa. Da suka sa maganin ƙwari mai suna kulofirifos, sai masu cin katantanwa suka mutu. Da suka sa takin zamani da maganin ciyawa mai suna atirazin, sai irin gansakukar da katantanwa ke ci ta ƙaru. Ta ko wace fuska katantanwa ce ta ci riba. A 2020 kuma aka buga wani bincike na rafukan yammacin Kenya, wajen tafkin Biktoriya. Aka tarar katantanwa mai ɗauke da tsargiya ta fi sauran ƙananan halittu jure wa dafi, ta kuma fi yawa a rafukan da maganin gona ya gurɓata.

Manomin shinkafa ma yana da darasi a nan. A ƙasar Indonesiya an yi ta fesa wa shinkafa magani, sai wani ƙaramin ƙwaro mai tsotse ruwan kara ya yi ta ƙaruwa maimakon raguwa. Dalili kuwa, feshin yana kashe gizo-gizo da ƙwarin bisa ruwa waɗanda ke cinsa. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana aiki da magunguna iri 57 a gonakin shinkafa, aka shiga koya wa manoma su san ƙwaron da ke abokinsu da wanda ke maƙiyinsu. Fadamar shinkafa ita ma ƙaramin tafki ce, tana da masu gadinta waɗanda ba a biyansu ko kwabo.

4. DAFI KAƊAN MAI RIKITA HANKALI

Akwai awon da bai isa ya kashe ba, amma ya isa ya ɓata. Magunguna da yawa jijiya su ke kamawa. Kifi kuwa da hanci ya ke jin haɗari. In mafarauci ya ji wa ɗaya rauni, wani wari ya kan fita daga fatarsa, sauran su ji, su ɓuya. A 2000 masana a Amurka suka nuna cewa ɗan kaɗan na maganin dayazinon ya kan hana 'ya'yan wani kifi mai suna salmon jin wannan gargaɗi. Sai su ci gaba da yawo a fili, mafarauci yana kusa. A 2001 kuma aka nuna cewa maganin kabaril ya fi kashe talibambam sau 2 zuwa 4 in akwai warin mafarauci a cikin ruwan, gama tsoro da dafi sun haɗu sun fi ƙarfinsa.

Mu lura kuma, maganin da ke da sauƙi ga mutum ba lalle ya zama da sauƙi ga kifi ba. Saifametirin da 'yan'uwansa, waɗanda mu kan fesa wa wake da tumatir, ba su kai waɗansu haɗari ga mutum da tsuntsu ba, amma ga kifi da jatan lande mugun dafi ne. Shi ya sa a kan zāna hoton kifi a jikin kwalba, domin gargaɗi.

SU DA DAFI

Tun zamanin kakanni akwai masu zuba magimfa a ruwa domin kifi ya bugu ya taso. Ko ita ma ɓarna ce, amma ƙarfinta ya kan mutu cikin 'yan kwanaki in rana ta buge ta. Gamalin fa ba haka ya ke ba. An kawo shi Afirka ta Yamma cikin shekarun 1950 domin ƙwarin koko, daga baya waɗansu suka mai da shi abin su, a Nijeriya da Gana. Ba ya zaɓe. Yana kashe uwa da 'ya'ya, da kwaɗo da ƙwaro, ya kwanta cikin laka. Mai zuba shi ya kwashi kifin rana ɗaya, ya hana garinsu kifin shekaru. Wanda ya sayi kifin kuma ya kai wa iyalinsa dafi a tukunya. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1992, ta hana su da dafi ko da nakiya.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Mu duba gona tukuna. Kada mu yi feshi don kawai maƙwabci ya yi, ko don mako ya kewayo. In ba mu san ƙwaron ba, mu kai shi wurin malamin gona.

2. Mu sayi magani mai lambar NAFDAC, cikin kwalbarsa ta asali. Mu guji wanda aka ɗura a wata kwalba ba suna. Mu karanta takardar, mu karanta wa wanda bai iya ba.

3. Mu bi awon da aka rubuta. Ƙarin murfi ɗaya ba ya ƙara amfanin gona, sai dai ya ƙara abin da zai gangara rafi.

4. Kada mu yi feshi in iska tana kaɗawa, ko in hadari ya haɗu.

5. Mu bar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da bakin ruwa, kada mu nome har gāɓa. Ciyawar nan ta kan tare laka da maganin da ke maƙale da ita.

6. Kada mu dama magani ko mu wanke famfo a bakin rafi ko rijiya. Mu ɗebi ruwa mu tafi da shi cikin gona. In kwalba ta ƙare, mu ɗauraye ta sau 3, mu juye ruwan cikin famfo, sa'an nan mu huda ta domin kada yaro ya sha ruwa da ita.

7. Inda ya yiwu mu gwada jiƙon 'ya'yan darbejiya, wadda mu a nan mu ke ce wa bedi. Yana korar ƙwari da dama, ba ya kuwa daɗewa a ƙasa. Amma shi ma kada a zuba shi a ruwa.

8. Kada mu ci kifin da aka tsinta matacce a bisa ruwa, kada kuwa mu sayar. In mun ga kifi yana mutuwa da yawa, mu gaya wa mai unguwa da Sarkin Ruwa da malamin gona nan da nan.

Ya mai karatu, wataƙila ba ka da gona, ba ka kuwa taɓa jefa ƙugiya ba. Duk da haka ruwan da ke zuwa famfon unguwarku ya ratso gonakin waɗansu, yaronka kuma ya kan bi abokansa wanka a kududdufi da damina. Mai lambu na bisa rafi da mai shan ruwa na ƙasan rafi maƙwabta ne, ko ba su taɓa gaisawa ba. Mazari da kwaɗo da ƙaramin kifi suna yi mana aiki dare da rana, suna rage mana sauro da katantanwa. In mun kashe su, aikin zai komo kanmu, mu biya da kuɗin asibiti.

TAMBAYOYI DOMIN AJIN KARATU

1. Faɗi hanyoyi huɗu da maganin gona ke bi ya shiga ruwa. Wacce ce ka taɓa gani da idonka?

2. Don me sauro ke riga mazari komowa bayan dafi ya shiga tafki?

3. Yaya aka yi tsuntsayen Clear Lake suka mutu, alhali maganin da ke cikin ruwan kaɗan ne?

4. Me ya rage kifin tafkin Shinji?

5. Bayyana yadda feshin gona zai iya ƙara tsargiya a gari.

6. Cikin abubuwa 8 da muka lissafta, wanne ne za ka fara yi a wannan damina, wa kuma za ka koya wa?